Da hannuna na dama bai ƙone ba da na dangwala musu

Wani abokina ne ya turo min hoton ƙaninsa da gas ya tashi da shi a wani gidan biredi, yace wai mai gidan ya kawo musu dubu ɗari da hamsin da wata takarda yace a sa hannu a rufe magana, me na gani? Na fara rubuta masa amsa naga abun ya ƙi ƙarewa, shine nace bari kawai in zauna in rubuta yadda tawa ta kasance tun daga farko. Da hagu nake danna wayar nan, in kunga kuskure ku yi min uzuri.

Ni a wani kamfanin roba nake aiki a Sharaɗa nan Kano, masu yin bokiti da buta da kujeru. Shekara huɗu ina wajen amma ko kalar takardar ɗaukar aiki ban taɓa gani ba, mu ne ake ce wa 'yan kajuwal, wani ɗan kwangila ne yake kawo mu amma injin kamfani muke ja, sufabaizan kamfani ne yake mana tsawa. Awa goma sha biyu, sati ɗaya rana sati ɗaya dare, albashi dubu talatin da biyar.

Ƙarshen shekarar 2022 ne cikin sanyin nan, wajen ƙarfe uku na dare. Wanda ya taɓa aikin roba ya sani, in wuta ta ɗauke kafin a tada janareta robar da ke bakin injin daskarewa take ta toshe, to sai a jawo tukunyar gas a kunna a gasa bakin har ta narke. Tiyon tukunyar nan ya daɗe da tsagewa, da robar ɗaure kaya aka naɗe shi, mun faɗa wa sufabaiza ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kullum amsarsa "an rubuta wa sito". A daren an rurrufe tagogi saboda sanyi da ƙura, ni kuma mura ta toshe min hanci ban ji warin komai ba, ashe gas ɗin yana ta zuba, kuma shi ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru inda kake tsaye. Na durƙusa na ƙyasta ashana. Ƙarar ma ban ji ba wallahi, haske kawai na gani.

Rigar ƙwallo ce a jikina ta Pillars, irin mai santsin nan. Dan Allah duk mai aiki kusa da wuta ya rabu da irin rigunan nan, yadin auduga ci yake ya faɗi, ita kuwa narkewa take ta manne da fata tana ci gaba da dafa ka. Na tashi na zura da gudu, wanda shi ma kuskure ne dan iska kake ƙara wa wutar, sai da wani abokin aikina ya sa min ƙafa na faɗi ya lulluɓe ni da bargon maigadi. Jar tukunyar kashe wuta da ke rataye a bango aka ciro aka matsa, ko tari bata yi ba. Ƙofar waje kuma a kulle kamar kullum in dare yayi wai kar a saci kaya, makulli yana wajen sufabaiza, shi kuma sai da aka yi ta nema.

A wannan jiran ne aka yi min maganin da ya kusa kashe ni. Wani ya karɓo ɗanyen ƙwai wajen mai shayi ta saman katanga aka fasa min, wani ya kawo makilin, wani ya ɗebo baƙin mai na janareta ya shafa. Duk da zuciya ɗaya suka yi, ban riƙe kowa ba. Amma ka duba fa, kamfanin bokiti ne, bokiti ya fi dubu a jibge, ga famfo a bakin banɗaki, babu wanda ya zuba min ruwa saboda duk mun taso ana ce mana in ruwa ya taɓa ƙuna tashi take. Ashe ruwan shine maganin farko. Ruwan famfo mai ɗan sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara shi kamar minti ashirin, a cire zobe da agogo kafin hannu ya kumbura, inda riga ta manne kar a fizge, a rufe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti. Iyakarta kenan.

Da muka isa emajensi likitan da ya ga baƙin man nan sai da ya dafe kai. Dole sai an wanke shi tas kafin ma a ga zurfin ciwon, wannan wankin kuwa bana so in tuna. Suka jona min ƙarin ruwa leda na bin leda, suka sa min robar fitsari suna auna abun da nake fitarwa duk awa, aka yi min allurar tetanus. Daga baya likitan yake gaya wa Yaya cewa mai babbar ƙuna a kwanakin farko ruwan jikinsa ne yake tsiyayewa ta wajen ciwon har ƙoda ta iya tsayawa, in ya tsallake wannan sai kuma a shiga yaƙi da ƙwayoyin cuta tunda fatar da ke kare shi babu. Yace tafin hannun mutum haɗe da yatsu kamar kashi ɗaya cikin ɗari ne na fatarsa, hannu guda daga kafaɗa zuwa yatsu kashi tara. Nawa da suka lissafa, hannun dama gaba ɗaya, ƙirji, wuya da gefen fuska, suka rubuta kashi 22. Abun da ya ɗaure min kai, wajen da ya yi fari fat kamar fatar ganga baya min zafi sosai, har ina murna, ashe nan ne ya fi ci, jijiyoyin jin zafin ne suka mutu.

Wankin ciwo kuwa, toh. In kaji ƙarar keken nan na nas yana tahowa da safe sai kaga ɗakin maza ya yi tsit, manya masu gemu suna karanto duk addu'ar da suka haddace. A jiƙa bandejin a ɓanɓare, a kankare mataccen nama, a shafa man ƙuna na Dermazin a sake naɗewa. Kuma komai kai zaka saya, auduga, goz, safar hannu, ruwan wanki, maganin kashe zafi. Ga ci, likita yace jikin mai ƙuna kamar murhu yake, sai ƙwai da wake da nama da madara kullum in ba haka ba ciwon ba zai haɗe ba. Sai kuma abun ya faɗo daidai lokacin canjin kuɗi na farkon 2023, ga kuɗinka a banki ga shi ba ka da shi, maman yara ta sha wuni a layin POS, a yi taransifa a kemis ta maƙale a ce sai an ga alat. Keken ɗinkinta aka fara sayarwa, sannan tumakin Hajiya mahaifiyata guda biyu, sannan babur ɗin Yaya. Kamfani dai sun ajiye dubu hamsin a asibiti ranar farko, ku riƙe wannan dan zai dawo.

Kwana na tara sai ga manajan ma'aikata da ɗan kwangilar nan, da katan ɗin Maltina da ledar lemo. Aka yi jaje, aka yi addu'a, sai manaja ya zaro ambulan yace Oga yace a kawo min dubu ɗari biyu in sayi magani, sai dai in sa hannu a nan shaidar na karɓa dan akanta ya samu abun sawa a fayil. Gaskiya ni a lokacin dubu ɗari biyun nan kamar an ce min ga Aljanna, dan a ranar ko kuɗin dresin na gobe babu. Nace a bani biro. To da wane hannun? Na dama a naɗe yake har kan yatsu kamar gammo, na hagu ga allurar ƙarin ruwa ya kumbura suntum. Ɗan kwangila yace ba komai ai ya zo da tawadar dangwale, har ya kama babban yatsana na hagu yana dubawa, sai ga wata nas babba, Allah ya saka mata da alheri duk inda take, tace "Malam lafiya? Nan ofis ne? Mutumin da aka yi wa allurar kashe zafi yanzu ko sunansa bai gama sani ba zaku sa shi dangwale?" Ta kora su waje. Suka tafi da ambulan ɗinsu, suka bar wa Yaya takardar wai in na ji sauƙi.

Ƙanwata da ke karatu a BUK ita ta karanta mana da daddare. Ba rasit bane. Takardar cewa take ni ba ma'aikacinsu bane, kuma gangancina ne ya jawo gobarar, kuɗin nan taimako ne na tausayi, kuma daga ranar ni da iyalina ba mu da sauran wata magana da kamfani har abada.

Nan gida ya rabu biyu. Kawu yace "Kai yaro, ƙaddara ce ta same ka, ka karɓi abun da aka baka ka bar wa Allah, yaushe talaka ya taɓa shari'a da mai kamfani ya ci? Shari'a saɓanin hankali ce." Hajiya ita tsoro take kar a ɗaure mata ɗa a kan ciwonsa, dan a wajenta kotu da gidan yari duk abu ɗaya ne. Ni kaina sai da na fara jin kamar in na nemi wani abu na yi wa Allah butulci tunda ya bar ni da rai. Limamin masallacinmu ne da ya zo dubiya ya warware min, yace yarda da ƙaddara daban, yafe haƙƙi daban. Yace ai diyya a Alƙur'ani take, cikin Suratun Nisa'i, kuma a kan kisan kuskure ma aka saukar da ita ba na ganganci ba, a hadisi kuma yatsa ɗaya raƙumi goma ne. In ka ga dama ka yafe kana da lada, amma yafiyar da aka karɓa a hannun mutum yana kwance baya iya sayen bandeji, wannan ba yafiya bace. Kawu bai ce komai ba, amma har yau in zancen ya taso sai yace shi dai da haƙuri aka yi.

Sau biyu aka shiga da ni tiyata aka yi min dashen fata, a yanko siririya daga cinya a shimfiɗa a hannu da ƙirji, kuma abun dariya cinyar da aka yanka ta fi wajen ƙunar raɗaɗi. Sati goma na yi aka sallame ni, 'yan unguwa suna ta barka an warke.

To a nan ne nake so mai ƙanin nan ya buɗe kunne. Ranar da aka sallame ka ba ka san kuɗin ƙunarka ba tukuna. Tabon ƙuna tattarewa yake yana jan fata, wata uku bayan sallama yatsuna uku sun lanƙwashe sun shige tafin hannu, gwiwar hannu ta ƙi miƙewa, wuyana yana jan haɓata gefe. Aka tura ni ɓangaren gashi, sau biyu a sati ana lanƙwasa ni ana miƙarwa ina ihu, da daddare a ɗaura min wani abu kamar katako dan kar yatsun su koma. Aka ɗinka min wata matsattsiyar riga mai hannu da ake so ka sa kusan awa 23 a rana, shekara guda ko fiye, dan tabon kar ya kumbura ya yi tudu. Ka sa wannan a zafin Kano, azumin shekarar kuma ya faɗo Maris zuwa Afrilu. Fatar da aka dasa bata gumi, sai kaji kamar an rufe ka cikin leda, in hunturu ya zo kuma ta bushe ta tsattsage sai ka yi ta shafa man kaɗanya da basilin. Ga ƙaiƙayi, wayyo ƙaiƙayi, irin wanda yake can ciki ba ka isa ka sosa ba, na sha tashi ƙarfe biyun dare in zauna a tsakar gida ina bubbuga hannun da tafin hagu kamar mai lallashin jariri.

Akwai kuma wanda ba'a rubutawa a katin asibiti. 'Yata ƙarama sai da ta yi kusan wata bata yarda na ɗauke ta ba. Warin tsire ko babbakar kai in ya bugo ni sai cikina ya juya. Maman yara ta daina girki da gas muka koma gawayi, dan ƙarar ƙyasta risho kaɗai tana sa ni fita waje ba takalmi. A masallaci in na miƙa hannu sai kaga mutum ya ɗan yi jim kafin ya karɓa, wasu suna zaton wata cuta ce saboda farin da ya yi dabbare-dabbare. Wanda ya fi ci min rai shine cin abinci, a wajen ɗaurin aure ko sadakar bakwai ka sa hagu a faranti sai wani dattijo da bai san ka ba yace "kai, da hagu?", sai ka zaro na daman daga aljihu ka nuna masa, shi ya ji kunya kai ka ji kunya. Yanzu na fi so in ce na ƙoshi.

Albashi kuwa wata biyu suka biya suka tsaya. Da na je bakin get maigadi sabo yace an ce kar a bar ni in shiga.

Ƙanwar tawa ce ta haɗa ni da wani lauya, yayan ƙawarta. Na je ofishinsa da kunya dan ko kuɗin buɗe fayil ba ni da shi, yace ba komai zai yi, in an samu ya ɗauki kashi ashirin cikin ɗari, in ba'a samu ba shikenan, kuma muka rubuta hakan a takarda, wannan karon na sa an karanta min sau biyu. Wanda bai samu irin wannan ba akwai hukumar gwamnati mai bada lauya kyauta ga marasa hali, Legal Aid Council, suna da ofis a jihohi.

Barista ne ya fara gaya min abun da shekara huɗu ina aiki ban sani ba. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda Jonathan ya sa wa hannu. A ƙarƙashinta duk mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, NSITF, daga aljihunsa, ba daga albashinka ba, in wani ya ji ciwo a bakin aiki daga nan ake kula da shi. Kuma dokar bata ware ɗan kajuwal ba, da na dindindin da na wucin gadi da ɗan koyo duk ma'aikata ta kira su, ko da baki aka ɗauke ka. Amma akwai lokaci, kai, ko iyalinka in rasuwa aka yi, a sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto hukumar cikin kwana 7, neman diyyar kuma cikin shekara ɗaya, sai in da wani uzuri na musamman. Ya ƙara da cewa dokar ma ta hana ma'aikaci ya yi yarjejeniya da mai gidansa cewa ya yafe wannan haƙƙin, amma duk da haka da na dangwala takardar nan da sun shiga kotu suna kaɗa ta suna cewa ga shi da yatsansa ya amsa gangancinsa ne. Da na ba shi labarin ƙofar da ake kullewa sai ya girgiza kai, yace a 2002 haka aka yi a wani kamfanin roba a Ikorodu ta Legas, wuta ta tashi cikin dare ma'aikata suna kulle a ciki, mutane da yawa suka mutu, amma har yau ba'a daina ba.

Muka je ofishin NSITF aka duba, sunana baya cikin waɗanda kamfanin ya bayar, kuma ko rahoton gobarar basu kai ba. Barista yace to tunda haka ne hanyar kotu zamu bi mu yi ƙarar sakaci. Ya fara rubuta musu wasiƙa ya basu kwana goma sha huɗu, lauyansu ya amsa da layi uku cewa basu san ni ba, in nemi ɗan kwangila. Ɗan kwangila kuma wayarsa ta daina shiga.

Ba kotun majistare ake zuwa ba, ba kuma kotun shari'ar Musulunci ta unguwa ba, akwai kotun ma'aikata ta ƙasa wadda aka ware dan rigimar aiki, tana da reshe a Kano. Kuma tsarinsu tun ranar shigar da ƙara zaka haɗa komai, bayaninka a rubuce da rantsuwa, sunayen shaidu, da duk takardar da zaka dogara da ita. Nan ne na san darajar matata. Ashe tun daren farko duk wata 'yar takarda da aka bata a asibiti ko kemis tana cusa ta cikin wani tsohon gwangwanin madara, ba dan ta san za'a je kotu ba, wai dan ta san bashin da ake bin mu. Barista da ya juye gwangwanin a tebur sai da ya yi dariya yace Hajiya ke ce lauyan. Yace kuɗin da ka kashe kotu bata ƙiyasta maka, sai ka lissafo shi ɗaya bayan ɗaya ka kawo shaida, wanda ba rasit ya bi ruwa. Shi kuwa na wahala da raɗaɗi da nakasa, wannan alƙali ne yake dubawa ya yanka. Abun da muka saya ba rasit, su ƙwai da kuɗin adaidaita da na mai gashin gida, Allah kaɗai ya san yawansa.

Maganar basu san ni ba kuwa abu uku ne suka karya ta. Na farko bayanan asusuna na banki, dan akwai watannin da albashi ya shigo kai tsaye da sunan kamfanin. Na biyu katin shiga get mai hotona da tambarinsu. Na uku rasit ɗin dubu hamsin ɗin nan da suka ajiye a asibiti, da sunan kamfani ɓaro-ɓaro a matsayin mai biya. Sai rahoton likita, wanda shi ma sai ka nema a rubuce ka biya ka yi ta sintiri, a ciki likitan tiyata ya bayyana zurfin ƙunar, aikin da aka yi, aikin da ya rage, da cewa hannun ba zai koma kamar da ba. Da hotuna, Yaya ya ɗauka tun a emajensi ina jin haushinsa a lokacin, ashe gata yake min.

Shaida ce ta bamu wahala. Mutum goma sha ɗaya ne a wajen a daren, duk wanda na kira sai yace "wallahi ɗan'uwa ka san halin da ake ciki, ina da yara". Ban ga laifinsu ba, ni ma da haka zan ce. Wanda ya kayar da ni ya lulluɓe ni ma cewa yayi in yafe masa. A ƙarshe tsohon maigadin ne, mai bargon, wanda suka kora bayan gobarar suka ɗora masa laifin ƙofa, shi ya zo da kansa daga ƙauyensu yace zai faɗi abun da ya gani ko za'a yanka shi.

Zaman kotu kuwa ba kamar na fim bane. Ka yi sammako ka biya kuɗin mota ka zauna a benci, a kira ƙararka, minti biyar a ce an ɗaga sai wata biyu, yau lauyansu bashi da lafiya, gobe sun kawo wata takardar suna ƙalubalantar wani abu, jibi an tafi hutun shekara na kotuna. Ranar da na bada shaida da tafinta, lauyan kamfani ya yi ta juya ni, wai ba ni na ƙyasta ashanar ba? Nace ni ne. Wai ban san tiyon ya lalace ba? Nace na sani, kowa ma ya sani, har wanda ya ce in kunna. Wai to me yasa ban ƙi ba? Nace ranka ya daɗe wanda ya ƙi, da safe sunansa baya cikin littafi. Daga nan Barista ya roƙi kotu ta duba hannun, mai shari'a yace in matso, aka ajiye biro a gabana aka ce in ɗauka da dama. Sau uku ina gwadawa yana zamewa. Ban yi niyya ba hawaye suka zubo min a gaban mutane.

Bayan maigadi ya yi nasa bayanin, kafin zama na gaba sai ga lauyansu ya kira Barista wai a zauna a sasanta. Mu miliyan ashirin da biyar muka nema a takarda. Suka fara da ɗaya da rabi. Aka yi ta ja kusan wata biyu. Barista ya gaya min gaskiya, yace in muka jira hukunci wataƙila a samu fiye da haka, amma suna iya ɗaukaka ƙara a ƙara shekaru, kuma cin shari'a daban karɓar kuɗi daban, ga likita yana cewa yatsun nan in aka ƙara jinkiri gaɓoɓin zasu ƙage. Aka tsaya a miliyan shida da rabi, biya uku. Abu ɗaya da ya dage a kai shine ba za'a yi ta a ofishin kowa ba, sai an rubuta sharuɗɗan an kai gaban alƙali ya mayar da su hukuncin kotu, dan in suka saɓa a iya bin dukiyarsu. Kuma ya yi gaskiya, biya na ukun sai da ya rubuta musu zai koma kotu sannan ya fito.

Mutane suna jin miliyan shida sai suka fara min kallon mai kuɗi, har da masu zuwa rance. Cire kason lauya. Cire bashin da muka ci, na mayar wa Yaya babur, wanda kuɗinsa ya ninka tunda aka cire tallafin mai a 2023 naira kuma ta faɗi, na saya wa maman yara keke, Hajiya tace ita bata son tumakinta in je in gyara hannu. Tiyatar sakin yatsu da aka yi min lissafinta a 2023, da na koma da kuɗin a hannu ta kusa ninkawa, an yi ɗaya, yatsu biyu sun ɗan miƙe, saura ta wuya. Abun da ya rage na kama ɗan shago a bakin layinmu ina sayar da kati da cajin waya. Dubu ɗari biyun da suka kawo min a gado ko kuɗin sati uku na farko bata kai ba.

Ranar da kuɗin farko ya shigo na je banki zan cire wani abu in fara rage bashi, yarinyar kanta tace in ɗora babban yatsa na dama a na'urar BVN. Na ɗora, shiru. Ta goge gilashin tace in sake, shiru, babu zanen ko ɗaya, fatar cinya ce a wajen. Aka gwada na hagu ya ƙi shi ma saboda man da nake shafawa, na fita na wanke na dawo na sake bin layi. Da ƙyar ɗan manuni na hagu ya kama, ta miƙo min fom tace in sa hannu irin wanda na sa ranar buɗe asusu.